Tarakta Don Tudun Kwoi

Gonata tana kan tudu, can bayan Kwoi,
inda citta ke jin daɗin ƙasa, taya kuwa ba ta ji.
Da rani tafiyar minti goma ce zuwa titi.
Da damina, sai abin da laka ta ce.

Bara Shekarau ya ari ta ƙungiya,
ya ɗaure tirela a sama, daf da kujera,
taki buhu ashirin, ya taka mai.
A tsakiyar hawa gabanta ya tashi tsaye
kamar akuya mai miƙa wuya ga ganyen gawo.
Ya dira, ya tsira da karayar kafaɗa.
Takin kuwa rafi ya sha.

Shi ya sa da na haɗa kuɗin citta na shekara uku
ban tafi Kaduna ni kaɗai ba.
Na ɗauki Baba Dogara,
wanda ya tuƙa ta gwamnati tun ban san wando ba.

A Kakuri dillali ya tarbe mu da lemo mai sanyi.
Ya kai mu gaban wata ja, doguwa,
fentinta har ina ganin haƙorana a ciki.
Ya ce, ƙarfin doki hamsin, Alhaji!
Ban je Makka ba, amma na ji daɗin sunan.

Baba bai ko dubi fenti ba.
Ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara,
ya leƙa ƙarƙashi kamar mai duba saniya a kara.
Ya ce, tayoyin gaba suna ja, ko rakiya suke yi?
Dillali ya sosa ƙeya.
Baba ya ce, doki hamsin a ƙafa biyu,
a laka, jaki ɗaya ya fi su.

Can ƙarshen fili, kusa da katanga,
akwai wata shuɗiya, gajera, mai faɗin ƙugu,
ta taɓa aiki, kujerarta da faci.
Ya zura yatsu uku cikin haƙorin tayarta,
ya auna tsakanin ƙafafunta da taku,
ya girgiza ƙarfen da ke kare kan direba.
Ya ce, nawa ne nauyinta?
Hawa ba shi ne abin tsoro ba, yaro.
In ka gaza a hawa, tsayawa za ka yi.
A gangara ne kaya ke tuna sun fi ka nauyi,
su turo ka daga baya ba sallama.

Na ce, Baba, ba ta da kyau.
Ya ce, aurenta za ka yi?

Muka yi ciniki har la'asar.
Ya sa aka rataya mata ƙarafa a goshi,
aka ɗura ruwa a tayoyin baya,
muka bi ta Panteka ya tabbatar ana samun kayanta,
don inji marar dangi maraya ne.

Watan goma, ruwa bai gama sallama ba.
Na ɗaure tirela a ƙasa, inda ya nuna mini da sanda.
Buhu sha biyu na ɗanyar citta.
Kande ta ce, saura takwas fa?
Na ce, su jira sawu na biyu.

Giya ta ɗaya. Ƙafata nesa da kuloci.
Laka tana tsotsar taya, taya tana tofar da ita.
A kwanar da Shekarau ya dira
na ji kayan sun dafa mini baya,
na ji ta ƙi.

Muka sauka a hankali, kamar tsohuwa da tulu a ka.
A bakin titi Shekarau na tsaye, hannu ɗaya a aljihu.
Bai ce komai ba.
Ya zagaya, ya sunkuya,
ya daɗe yana kallon inda na ɗaure tirela.