Tsakanin Ta Biyu da Ta Uku

Motar Baffa ta koyi shuri.
Tun daga gadar Binuwai take min haka:
ta ja, ta yi jim kamar mai tuna bashi,
inji ya yi ta kuka shi kaɗai,
sannan gwaf! ta nushe ni a gadon baya.
Buhunan albasa suka yi karo a but.

A Yelwa, gindin darbejiya,
Hamajoda bai taɓa ko sifana ba.
Ya ce, "Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi?"
Na ce ban lura ba.
Ya girgiza kai. "Ta daɗe tana faɗa miki."

Ya sa Jingi ya tsai da ita inda ƙasa ta baje,
inji na ci, ƙafa a kan birki.
Ya bi da sandar giya gida-gida
kamar mai rabon goro,
yana ƙirga numfashi kafin kowace ta amsa.
Ribas ta amsa nan take.
Ta gaba sai da ta ja aji.

Ya zaro ma'auni, ya ɗiga a bayan wani tsohon rasit.
"Ran da aka zuba man nan, ja ne kamar zoɓo."
Na leƙa: shayin da ya kwana a buta.
Ya sansana, ya miƙo min.
Ƙaurin ƙanzo.
"Yaushe rabon a canja?"
Na yi lissafi. Shekara shida ke nan da rufe Baffa,
kuma ko yana raye
ba ya kashe sisi kan abin da bai yi ƙara ba.

Muka hau hanyar Pitowa, shi a sitiyari.
Ya kashe rediyo, ya hana ni tari,
ya tuɓe takalmi don totur ya yi magana da tafin ƙafarsa.
Ta ɗaya zuwa ta biyu, lami lafiya.
Ta biyu zuwa ta uku,
ga jim ɗin, ga kukan, ga shurin.
Ya murmusa kamar wanda ya ji muryar ɗan garinsu a tasha.
Sau huɗu yana sa ta maimaita,
a hankali, da ƙarfi, a gangara, a hawa,
har wani mai amalanke ya tsaya yana kallonmu.

Da muka dawo ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta.
Ƙafafunsa kawai nake gani, da faso.
Noti goma sha shida a murfin gwangwani.
Ya fito da faranti,
maganaɗisun ciki ya yi gemu da garin ƙarfe.
Ya murza tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa.
Ni kuwa ina ƙirga jakunkunan da ba ni da su.

"Laushi, kamar kwalli.
Da tsakuwa na ji, da na aika ki wurin masu saye a kilo."
Matata ta toshe.
Wayar da ke kai saƙon ƙafa zuwa giya ta yi sako-sako,
saƙo na isa bayan an tashi daga taro.

Na ce a wanke ta tas, a zuba sabo.
Ya ce, "A'a. Rabi zan zubar, in bar rabi.
Tsohuwa irin wannan,
wata dauɗar ita ke riƙe da ita."

Da magariba na sake hawa gada.
Na ƙanƙame sitiyari, ina jiran duka.
Bai zo ba.
Ɗan jinkiri kawai, siriri,
irin gyaran muryar da Baffa ke yi
kafin ya ce min to.