Wutsiyar Sha Biyar

Ni Ɗantani, manomin albasa a Aliero,
aji huɗu na yi gona ta kira ni.
Turanci in ya kwanta a takarda
nakan bi shi da yatsa har in gane,
amma in ya fito daga baki, iska ne.

Bara wani ɗan kasuwa ya bugo daga Anaca,
harshensa na gudu kamar tirela ta bar Jega.
Ya ce fiftin, kunnena ya ɗauko fifti.
Na loda buhu hamsin.
Talatin da biyar suka tsira, suka ruɓe a tasha,
warinsu har yau a hancina yake zaune.

Shafa'atu ɗiyata ba ta yi dariya ba.
Ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta zuba mata muryoyi a memori:
wata mata na ƙirga kuɗi,
wani na tambayar hanyar asibiti,
wasu biyu na ciniki, ba mai sassauci.
Ta ce, "Baba, kada ka kwaikwaya tukuna,
bari kunne ya ƙoshi, baki ƙane ne."

Sai na shiga fadama da igiya a wuya,
ɗan kunnen hagu ya mutu, na dama ke aiki.
Injin ban ruwa na tari, mata na ƙirga,
ni ina buɗe kwami ina toshe kwami.
Su Bawa Dogo suka ce boko ya kama ni da furfura.
Na biya kuɗin caji a rumfar Ɗanlami,
na ce da su furfurar ma ɗaliba ce, ku zauna a sane.

Makon farko duk gaya ne a kunu.
Ta nuna mini inda ake taka wa magana birki,
na mayar da jimla guda sau ashirin.
Sannu kalmomi suka rarrabu
kamar irin albasa ranar dashe,
kowace da saiwarta, kowace da wuyanta.
Ashe sha biyar wutsiya gare ta doguwa,
hamsin kuwa guntu ne.

Bana, bayan La'asar, mutumin Anaca ya bugo.
Gabana ya faɗi, amma na roƙe shi da harshensa
ya sake faɗa a hankali.
Ya sake. Na kama wutsiyar da hannu biyu.

Kafin ya kashe sai ya yi ƙasa da murya,
ya ambaci bara, ya ce sori.
Na tsaya da waya a hannu, ruwa na cin kwami.
Shekara guda ina cewa ba shi da tausayi,
ashe bara ma ya faɗa,
ƙofar ce a rufe, shi yana tsaye a waje ne.