Wasan Sitiyari

Shekara arba'in motar Tamaz na hawan duwatsun Tusheti
da wasa a sitiyari, faɗin tafin hannu.
Ka juya, ta tsaya nazari,
sannan ta bi ka, in ta ga dama.

'Yarsa Ketevan ce ta shiga ƙarƙashi,
tocila a baki, giris har gwiwar hannu.
Noti ya ƙi. Ta jiƙa shi da mai, ya kwana.
Da safe tsohon tayarod ya fito
a lanƙwashe kamar sandar makiyayi,
yashi ya cinye gaɓarsa.

Sabon ya fi kauri, bai san kowa ba.
Ta auna tayoyin gaba da zare,
ta ɗaure, ta sake aunawa.

A kwanar farko, inda kwazazzabo ya wage baki,
Tamaz ya murɗa kamar kullum,
mota ta amsa nan take.
Gabansa ya faɗi. Ya danna birki.
Tumaki suka zagaye su, suka wuce.

"Ta daina gardama," in ji shi.
"Saura hannunka, Baba."

Tsohon ƙarfen na rataye a rumfa, kusa da cuku.
Ya hana a sayar.