Igiyar da Ba Ta Kai Sama

A lakwal ɗinmu ta Tawa,
inda teku ke da nisan kwana uku a mota,
na zuba ruwa biyu a kwalba ɗaya.
A ƙasa ruwan gishirin Bilma, na rina shi da soɓorodo,
a sama ruwan famfo, fari, marar nauyi.
Ja ya kwanta, fari ya hau bayansa.

Na karkata kwalbar kaɗan, na mayar.
Saman ya yi rawa sau biyu, ya natsu.
Amma can a iyakar ja da fari
wani tozo ya tashi yana tafiya,
sannu, kamar raƙumin da ya san nisan rijiya.

Tankari ya ce, Mushe, a teku wa ke tura shi?
Na ce, wata.
Wata ya ja ruwa, ruwa ya goga cikinsa
a kan duwatsun da ke kwance a ƙarƙashi,
mai sanyi ya hau inda ba wurinsa ba,
ya faɗo, ya zarce, ya sake hawa.
Haka take tafe cikin duhu,
tsawonta hasumiya bisa hasumiya,
kwana da kwanaki ba kumfa, ba ƙara,
jirgin da ke sama bai san an wuce ba,
sai ta iske gangaren wata ƙasa ta fashe,
ta dama sanyi da ɗumi.

Ban ba su labarin Arzika ba.
Damina huɗu ke nan
da jirgin masunta ya koma San Pedro babu shi.
Inna ta amshi gaisuwa, ta raba gumba,
fuskarta ruwan randa da asuba.
Kowa ya ce, kai, wannan haƙuri.
Sai shekaranjiya tana tankaɗe,
wani yaro ya wuce bayan danga yana fito,
irin fiton nan mai karyewa a ƙarshe.
Rariya ta tsaya.
Gari ya zube a kan zanenta, ba ta kakkaɓe ba.
Ran nan ta iso gaɓa.

Aka buga ƙarfen tashi, yara suka watse.
Balkisa ta rage, hancinta jikin kwalba:
Mushe, har yanzu tana motsi.

Na ɗaure kwalbar a bayan keke.
Hanyar gidanmu duk gargada ce.
Kafin in kai ƙofa, ruwan ya zama ɗaya,
ja-ja, da gishiri.