Baƙin Kati

Saƙon banki ya shigo bayan Isha'i,
Bab Sharif ta fara watsewa, ana jan ƙofofi:
riyal dubu biyu, kuɗin shekara,
za a cire ran goma ga wata.
Na aje wayar kan dilar abayoyi,
na zaro katin na auna shi a tafin hannu.

Baƙi ne, na ƙarfe, da ɗan nauyinsa.
In na jefa shi kan kanta yakan yi ƙara,
ƙarar da ke sa mai karɓar kuɗi ɗago kai
ya kira ni shehi
da bakin da ya saba kiran irina Takari.

Shekara bakwai muna tare.
Dubai, Santambul, Sin, Kano,
ɗakin manya a filin jirgin Jidda,
gahawa mai ɗaci, dabino uku a faranti,
ni a kujera mai laushi, ina hango alhazai ta gilashi
sun yi matashi da jakunkuna suna gyangyaɗi.
Na taɓa kwana a wannan daɓen.
Ban ɗaga wa kowa hannu ba.

To, amma yanzu ina zan je?
Sallau na can Sin yana turo hoto ta waya,
in zaɓa, in biya, kwantena ta iso
ƙafata ba ta taka ko'ina ba.
Gumel kuwa, tun da aka kai Inna makwanci
gidan ya zama ɗakuna kawai.
Bara sau ɗaya na hau jirgi, Riyad,
kuma a makare na isa, ko ruwansu ban sha ba.

Ladidi ta ce, tana tsince shinkafa:
"Kana ba raƙumi harawa,
kai kuwa a ƙafa kake zuwa kasuwa.
Dubu biyun nan hayar wata ce da canji."
Na ce ba ta gane ba.
Ta ce ta gane sarai, shi ya sa take magana a hankali.

Da safe na kira su.
Wani Mu'utasim, muryar Sudan, mai sanyi:
in na sauka, ɗakin manya ya rufu,
jaka ta biyu sai da kuɗi,
maki kuma su riƙa ɗiga kamar famfon da ya lalace.
"Amma don kai, bana mun yafe rabi."
Rabi!
Wallahi bakina ya buɗe zai ce to.
Araha ta fi tsada iya farauta.
Na ce ya ba ni kwana biyu.

Daren nan na ƙirga abin da na tara:
maki dubu casa'in da ɗaya,
kowane ɗaya tafiyar da na yi na bar wani a gida.
Ya isa kujera guda, Kano zuwa Jidda da komawa.
Sai Yaya Kande ta faɗo mini,
ita da ta yi shekara huɗu tana juya Inna a shimfiɗa
ina nan ina cin dabino uku,
ita da ba ta taɓa ganin Ka'aba ba sai a kalanda.

Na yanka mata tikiti, makin ya koma sifili.
Sannan na kira Mu'utasim na ce, sauke ni.
Ya tambaya sau biyu. Na amsa sau biyu.

Sabon ya zo a ambulan, shuɗi, na roba.
Na jefa shi kan kanta, shiru,
Bayamale bai ko ɗago kai ba.
Abin ya ɗan sosa ni, ba zan ɓoye ba.
Amma burodin ya shigo leda.

Tsohon kuwa almakashi ya kasa cinsa.
Yana nan ƙarƙashin ƙafar teburin shago,
wadda ta shekara uku tana rawa.
Yanzu ta tsaya.