Giram Biyu Saura Kwata

Na ɗauko garmahon Baba a kwalin sabulu,
daga Kakuri zuwa Panteka, mota biyu,
ina rungume da shi kamar mai kai jariri asibiti.

Ishaya mai gyara bai dubi fuskata ba.
Ya ɗaga murfi, ya sunkuya,
sai ga tsohon kwabo mai huji
an ɗaure shi bisa kan allura da zaren masaƙa.
Ya ce, "Wa ya ɗora wannan?"
Na ce, "Mai shi."

Baba bai yarda da tsallake ba.
In allura ta yi tsalle, ya ƙara mata nauyi.
Haka ya yi da faifai,
haka ya yi da mu bakwai.

Ishaya ya sa reza ya yanke zaren,
ya miƙo mini kwabon ba magana.
Ya murɗa dunƙulen ƙarfen da ke baya, a hankali,
har hannun garmahon ya tashi ya tsaya a iska,
ba sama, ba ƙasa,
kamar mazari a kan ruwan gadar Kaduna.
"Nan ne sifiri," in ji shi,
"wanda bai san nan ba, duk awonsa ƙarya ne."

Ya kashe fanka.
Ya jawo ɗan ma'auni irin na masu zinariya,
ya ce in daina jingina da tebur.
Ɗaya da rabi. Ya murɗa.
Biyu da ɗigo. Ya koma baya.
Maƙeran waje suna ta dukan kwano,
shi kuwa yana neman nauyin da bai kai na gyaɗa uku ba.

"In ta yi sauƙi, 'yar'uwa, rawa take a tsagi,
tana dukan bango hagu da dama,
kada ki ɗauka tausayi ne.
In ta yi nauyi, ta zama garma,
muryar mutum take nomewa."

Biyu saura kwata. Ya cire hannu.

Aka ɗauke wuta. Muka zauna.
Ya sayi rake, ya ba ni gaɓa ɗaya.
Da ta dawo ya ɗora faifan,
mai goge ya shigo,
a bayansa wata ƙwarya da ban taɓa ji ba,
da tarin wani dattijo can gefe,
shekara talatin suna ciki, kwabo ya danne su.

Amma waƙa ta uku,
wadda Baba ke sawa in ya dawo aikin dare,
sai shuuu, kamar yayyafi a kan rufin kwano.
Ishaya ya girgiza kai:
"Wannan ba ta gyaruwa. An ji ta har ta ƙare."

Kafin in fita na ɗora kwabon a ma'auni,
don in sani kawai.
Lambobin suka yi ƙyafta, suka ɗauke.
Ya fi ƙarfinsa.

Na ƙulle shi a bakin gyale.