Daƙiƙa Huɗu

Lahadi, shagon askin Eusebio a Barahona,
an ajiye almakashi, an sa tsohon kaset:
wasan ƙarshe na besbol, shekara arba'in da 'yan kai.
Hoton ya koɗe, ciyawar filin ta koma shuɗiya.

Turmi na tara. An fitar da biyu, ɗaya na kusurwa ta uku.
Mai jifa ya gyara hula, ya tofar da yawu,
kulki ya amsa, ƙwal!
Mai gudu ya sheƙo gida, ƙirji a ƙasa,
ƙwallo na biye da shi,

sai ga jaririya a farar riga, fada na zuba mata ruwa.
Matar Eusebio ce ta naɗi bikin a kai, tun tuni.
Daƙiƙa huɗu cif. Da wasa ya dawo,
alƙali ya riga ya yanke, ana jifansa da ɓawon lemo.

"Ya taɓa gida!" in ji Anacleto, rabin gemu cikin kumfa.
"Ina kan mangwaro, da idona!"
"Daga kan mangwaro ka hango yatsa?" in ji Fulgencio.
"Ƙanena ne fa. Ni na wanke masa gwiwa a daren."
"Gwiwa ba ta cin kofi."

Jaririyar, yau har da furfura,
ta shigo da gahawa: "Yau ma ni na ci wasan?"
Ba wanda ya tanka.
Eusebio ya mayar da kaset baya.
Mai gudu ya tashi daga ƙasa,
ya koma kusurwarsa da baya da baya,
ɗan ashirin da biyu, riga fes, bai san komai ba tukuna.